Kibiya a Hawa, Shirwa a Sauka: Yadda Roka Mai Goyon Jirgi Ke Aiki

A ƙarshen daminar da ta wuce wani ƙanena da ke karatu a ƙasar waje ya aiko mini da ɗan kwali wanda bai fi kamu ɗaya ba, ya ce in kai wa ɗalibaina na kimiyya a nan Birnin Kebbi. Da muka buɗe shi a aji sai dariya ta ɓarke. Falle uku ne na katako marasa kauri kamar biskit, da bututun kwali mai kaurin babban yatsa, da hancin roba, da wani dogon ƙyallen leda, sai takardar bayani. A bayan kwalin kuwa an zana roka tana aman wuta. Wani yaro ɗan Argungu, bayan ya gama jujjuya katakon, ya ce, "Malam, wanga jirgi ba shi da inji, in ya hau bisa mi ka riƙe shi?" Wannan tambaya ita ta cinye mana zangon karatu guda.

Masu wannan wasa a Amurka suna kiran abin bus-gilaida. Mu kuma muka raɗa masa roka mai goyo, domin abu biyu ne a haɗe. Akwai uwar goyo, wato bututun da inji ke ciki. Akwai ɗan goyo, ƙaramin jirgin katako mai fikafikai wanda ba shi da inji ko kaɗan, an maƙala shi a jikin bututun da wata 'yar ƙugiya. In an kunna, su biyun suke tashi tsaye. Injin ya ci wuta na kamar sakan ɗaya ya mutu, su ci gaba da hawa da ragowar ƙarfin da suka samu har su kai iyakarsu. A nan wani ɗan albarushi da aka tanada a saman injin yake tashi, ya tunkuɗe hancin bututun gaba, bututun ya zabura baya, ƙugiya ta zame. Uwa ta sauko tana jan dogon ƙyallen ledar nan da ke rage mata gudun faɗuwa, ɗa kuma ya miƙe a iska yana shawagi. A wurin gasa, daɗewar ɗan a sama ake ƙirgawa. Wanda ya taɓa ganin hoton kumbon Amurka mai fikafikai, wanda ya fara tashi a 1981 aka jingine shi a 2011, ya riga ya ga babban yayan wannan abin wasa: roka ke kai shi sama, amma ya dawo ya sauka a titin jirgi babu injin da ke tura shi.

Asalin wasan yana da muhimmanci ga abin da zan faɗa daga baya, don haka bari in gutsura. Bayan Tarayyar Sobiyet ta harba Sputnik, tauraron ɗan Adam na farko, a watan Oktoban 1957, zazzaɓin roka ya kama samarin Amurka, suka riƙa cusa sinadarai cikin bututun ƙarfe a gidajen iyayensu, wasu suka rasa yatsu, wasu idanu, wasu rayuka. Kafin nan, a 1954, wani mai sayar da takalma a jihar Nebraska, Orville Carlisle, wanda ya san aikin wasan wuta, ya ƙera ɗan injin da ake amfani da shi sau ɗaya a yar. G. Harry Stine, wanda ya yi aiki a filin gwajin makamai masu linzami na White Sands, ya ga cewa maganin ɓarnar ke nan: ƙwararru su yi injin a masana'anta, yaro ya tsaya ga kwali da katako. Su ne suka kafa ƙungiyar masu rokar wasa ta Amurka, NAR, a 1957. Shekara ɗaya bayan haka Vern Estes ya buɗe kamfanin Estes a Denver, da wata na'ura da ya yi wa suna Mabel mai fitar da inji ɗaya duk sakan biyar da rabi. A farkon shekarun 1960 kamfanin ya fara sayar da roka mai shawagi.

Injin kansa ba shi da wani kwarjini. Na yau da kullum kaurinsa milimita 18 ne, tsawonsa milimita 70, jikinsa naɗaɗɗiyar takarda ce mai tauri, bakinsa yumɓu, cikinsa dandaƙaƙƙen albarushi. A jikinsa za ka ga rubutu irin B4-2, kuma wanda ya iya karanta wannan ya san rabin abin da zai faru. Harafin yana nuna jimillar ƙarfin da ke ciki: A yana kaiwa niyuton-sakan 2.5, B ya kai 5, C ya kai 10, kowane harafi ninki biyu ne na wanda ya gabace shi. Lamba ta farko matsakaicin turi ce da ma'aunin niyuton. Don ka ji shi a hannunka, ledar fiya wata guda nauyinta kusan niyuton 5 ne, ka ga turin B4 bai ma kai nauyin leda ɗaya ba, sai dai abin da yake turawa bai fi giram 60 ba. Lamba ta ƙarshe ita ce sakan nawa injin zai jira bayan wuta ta mutu kafin ya tunkuɗe hanci. Roka mai goyo tana son gajeren jira, sakan 2 ko 3, saboda fikafikai suna jan iska, hawanta ba ya daɗewa. In ka sa mai jiran sakan 6, kafin goyo ya kwance sun riga sun juyo da ka suna neman ƙasa.

To, ga inda gizo ke saƙar. Roka da jirgin shawagi halinsu ya saɓa, kuma ana so abu ɗaya ya yi halin biyun cikin sakan huɗu.

Duba kibiyar maharbanmu na gargajiya. Ba a sa mata gashin tsuntsu a gindi, amma tana tafiya da baki gaba, don ƙarfen bakin ya janye nauyi zuwa gaba, iska kuma tana kama doguwar kyauron da ke baya tana daidaita shi. Haka roka take. Akwai cibiyar nauyi, inda za ka ɗora ta a yatsa ta tsaya. Akwai kuma cibiyar turin iska, inda ƙarfin iskar da ke bugun jikinta yake taruwa. Muddin cibiyar nauyi tana gaba da cibiyar turin iska sosai, duk lokacin da hanci ya karkata iska za ta mayar da shi hanya. Roka ba ta buƙatar komai ya ɗaga ta, buƙatarta kawai kada ta kauce.

Jirgin shawagi kuwa da ɗagawar yake rayuwa. A nan ne amsar tambayar yaron nan take. Babu abin da ke riƙe shi, faɗowa yake yi tun daga sakan na farko, sai dai faɗuwar gaba-gaba ce, kamar mai keke da ya saki feda a gangara. Nauyinsa ke jan shi, tafiyar ta sa iska ta bi ta kan fiffike da ƙarƙashinsa, fiffiken ya karkatar da iskar ƙasa, iskar ta tura shi sama. Don haka ta yiwu, dole cibiyar nauyinsa ta zauna a kan fiffike, wajen kashi ɗaya cikin uku na faɗinsa daga gaba ko ɗan baya kaɗan, kuma a sami 'yar kusurwa tsakanin fiffike da jela wadda ke ɗaga hanci in gudu ya ƙaru. Wannan 'yar kusurwa ita ke ceton jirgi in ya sunkuya: gudu ya ƙaru, hanci ya ɗago, ya koma daidai.

Ita ce kuma ke kashe shi a lokacin hawa. Ƙarfin ɗagawa ba ya bin gudu ɗaya bayan ɗaya. In gudu ya ninka biyu, ɗagawa ta ninka huɗu. A ce jirgin yana shawagi da mita 5 a sakan, roka kuma ta fizge shi da mita 40 a sakan. Gudu ya ninka 8, ƙarfin da ke kan fiffike zai iya ninka 64. Kusurwar da ido ba ya ko gani sai ta zama mai iko, jirgin ya yi alkafura da wuta a gindinsa, ya zagayo ya caki ƙasa, wani lokaci a bayan waɗanda suka harba shi. In kuma gam bai kama da kyau ba, fikafikan su ɓalle tun bai yi nisa ba, su riƙa saukowa kamar ganyen darbejiya. Shi ya sa ake zaɓa masa inji mai taushin turi, B4 maimakon B6, ko ma A a tashin farko.

Dabarar goyo tana warware rigimar ta hanya biyu. Na ɗaya, bututun da injinsa suna zaune can gaba, sama da hancin jirgin, sai su ja cibiyar nauyin duka biyun gaba, abin ya zama kibiya. Da zarar sun rabu, cibiyar nauyi ta koma kan fiffike, ya zama tsuntsu, ba tare da wani abu ya motsa a jikin jirgin ba. Na biyu ya fi ɓoyuwa. Ana ɗora bututun a kan wani ɗan dogarin katako, ya ɗan yi nesa da gadon bayan jirgin. Tunda turin yana fitowa ta gefen sama, yana danna hanci ƙasa, daidai lokacin da fiffike ke ƙoƙarin ɗaga shi sama, sai ƙarfin biyu su kashe juna. Dogarin nan kuma shi ke nisanta harshen wuta daga jela. Saboda haka wanda ya ga dogarin ya yi masa tsawo ya rage shi don kyau, ya ɓata lissafin da wani ya sha wahala kafin ya samo. Akwai wani nau'in da ba ya yar da komai, fikafikansa ke zamewa ko su buɗe a sama, amma wannan ba na ɗan koyo ba ne.

Katakon sunansa balsa, yawancin na kasuwar duniya daga Ekwado yake fitowa, kuma dangin rimi ne, har audugarsu ta yi kama. Farce yana shiga jikinsa. Abu na farko da za a kiyaye shi ne jijiyar katakon ta bi tsawon fiffike, ta jera da bakinsa na gaba. In ta gitta, ko a hannu zai karye. Sai aikin samfefa, wanda ya fi kowane cin lokaci: a bar ƙasan fiffike a shafe, a zagaye bakin gaba, a bar tudu a wajen kashi ɗaya cikin huɗu zuwa ɗaya cikin uku na faɗinsa, daga nan a sirance shi har bakin baya. Fiffiken dama da na hagu su zama tagwaye. Ɗalibaina sun fi son su riƙe samfefa a hannu, sai da wani kafinta maƙwabcinmu ya leƙo ya ce, "Malam, ku naɗa ta a guntun katako mana, yatsa ai rami yake yi." Gaskiyarsa.

Ana haɗa fikafikan ne bakinsu na waje a ɗage, kamar hannuwan mai addu'a da bai ɗaga sosai ba. Amfanin wannan shi ne in jirgi ya karkata ya fara zamewa gefe, fiffiken da ke ƙasa ya fi kama iska, sai ya mayar da shi daidai da kansa. Takardar bayani tana faɗin tsayin ɗagin, a auna da rula, a tokare da kwalin ashana har gam ya bushe. Farin gam na kafintoci ya fi, a shafa siriri a ɓangarorin biyu, a bari ya sha iska, a ƙara shafawa sannan a haɗa. Sufa gulu yana da sauri amma ba ya ba ka damar gyara, kuma jela in ta karkace da kaurin farce, sai ka gani a sama. Fenti kuwa a haƙura da shi, nauyi ne kawai. Maka mai duhu ta isa, don a hazon hunturu farin katako ɓacewa yake a ido tun bai yi nisa ba.

Ƙugiyar goyo tana da gwajinta. Riƙe bututun hanci sama, jirgin ya rataya bai faɗi ba. Juya shi hanci ƙasa, jirgin ya zame da kansa. In sai ka girgiza, a ƙara samfefa. In ƙugiya ta cije a sama, ko ƙyallen ya naɗe fiffike, uwa da ɗa sukan sauko tare suna wulwulawa. Masu wasan suna kiran wannan faɗuwa Jan Baron, laƙabin matuƙin jirgin yaƙin Jamus da aka harbo a 1918.

Duk wannan shiri ne. Ainihin sana'ar tana wurin saiti, kuma saiti ba ya buƙatar wuta. Ana cire bututun, a fita da jirgin shi kaɗai lokacin da iska ta kwanta, bayan asuba ko dab da magariba, a wuri mai ciyawa ko yashi. A riƙe shi a ƙarƙashin fiffike, a ɗan sunkuyar da hanci, a tura shi a hankali kamar mai miƙa wa wani abu, ba jifa ba. In ya ɗaga hanci ya cije, ya sunkuya, ya sake ɗagawa kamar doki mai tutsu, gindinsa ya yi nauyi, a liƙa ɗan yumɓu a hanci. In ya nufi ƙasa kai tsaye, a rage. Yumɓun da ake magana bai fi ƙwayar gero biyu ko uku a kowane gyara ba, kuma gyara ɗaya ake yi a sake gwadawa, in ba haka ba ba za ka san wanne ya yi aiki ba. Namu sai da muka tura shi fiye da sau talatin kafin ya riƙa tafiya taku goma sha biyu daga tsayin kafaɗa. Daga nan sai a koya masa kwana: ɗan yumɓu a bakin fiffike ɗaya, don ya riƙa zagaye mai faɗi. Jirgin da ke tafiya sak ba ya dawowa, wanda kwanarsa ta matse kuma yana murɗawa ne har ƙasa.

Ranar harbi tana da ƙa'idoji, kuma na ƙungiyar NAR su aka fi bi. Da lantarki ake kunnawa, daga batir, ta wata siririyar waya da ake cusawa a bakin injin, babu ashana babu lagwani. A tsaya aƙalla ƙafa 15 nesa, kusan mita 5, a yi ƙirge kowa yana ji. Rokar tana hawa ne a kan sandar ƙarfe mai kaurin milimita 3 wadda ke riƙe ta har ta sami gudu, kuma kada sandar ta karkata fiye da digiri 30 daga tsaye. In an danna ba ta tashi ba, a cire makullin na'urar kunnawa a jira sakan 60 kafin wani ya matsa. Ba a harbi in iska ta wuce kilomita 32 a awa, roka mai goyo ma ba ta jure rabin haka, don fikafikanta na sa ta juya ta fuskanci iska. Inji B yana son fili mai aƙalla mita 60 kowane gefe, C mita 120, mai shawagi kuwa ya fi son ninkin haka. Wani abu da ya keɓanta da mai goyo: tunda injin yana sama jela tana ƙasa, wayoyin kunnawa sukan faɗo su sarƙe jela, sai a kafa wani tsinke a gefe a ɗaure su. A ƙasarmu zan ƙara da batun gobara. Fadama bayan girbin shinkafa tana da faɗi, amma tattakar da ke kwance a cikinta da harawar da manoma suka tara ba sa son ko tartsatsi. Fako ko filin ƙwallo ya fi.

Sai dai kwalinmu ya zo babu inji, kuma haka kowane irinsa yake zuwa. Da na tambayi ƙanena ya ce, "Yaya, wannan ko a jaka ba za a bar ni in hau jirgi da shi ba." A harkar sufuri injinan suna cikin rukunin abubuwa masu fashewa. Najeriya tana da dokar abubuwan fashewa tun 1964. Tun 2016 hukumar kula da sufurin jiragen sama, NCAA, ta ce ba a tashin jirgi marar matuƙi sai da izininta da na ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro. A watan Maris na 2021, bayan sace ɗaliban Jangebe, gwamnatin tarayya ta haramta shawagin jirage a sararin Zamfara. Rokar kwali ba makami ba ce, amma a yankin da mutane ke kwana da kunne ɗaya a buɗe, abin da ya yi ƙara ya tashi da hayaƙi ba zai sami lokacin yin bayanin kansa ba, balle a kusa da filin jirgin sama na Ambursa. A ganina wannan aiki ne na makaranta da takarda a hannu, irin Kwalejin Waziri Umaru ko jami'ar kimiyya da ke Aliero, da sanin 'yan sanda da mai unguwa. Hukumar sararin samaniya ta ƙasa, NASRDA, da aka kafa a 1999, tana da cibiyar binciken roka a Epe ta jihar Legas, ka ga akwai ƙofar da makaranta za ta ƙwanƙwasa. Wanda ya samu injin ta halal kuma ya kula da ajiya. Zafin Maris da Afrilu a nan yana haura digiri 40, kuma injin da ya sha zafi da sanyi a but ɗin mota albarushinsa yakan tsage, wuta ta bi tsagar, ya fashe maimakon ya tura.

Na san abin da ke zuwa ran yaro mai ƙwazo a daidai nan, don wani ya faɗa mini a aji: kan ashana, ko albarushin maharba, a ɗura a bututu. Wannan shi ne ainihin abin da ya ci yatsun samarin Amurka har aka ƙirƙiro injin masana'anta. Na gaya musu duk wanda ya gwada ya bar ƙungiyarmu.

Da danƙo muka maye gurbin wuta. Mun liƙa 'yar ƙugiya a ƙarƙashin hancin jirgin, muka ɗaura zaren roba a sanda, muka riƙa harba shi sama a karkace. Abin da ya ba ni sha'awa shi ne matsalar ba ta canza ba: danƙo ma yana ba shi gudun da ya ninka na shawaginsa, kuma harbin farko alkafura ya yi ya wuce ta saman kawunanmu. Sai da muka rage kusurwar jela da samfefa, muka koyi karkatar da shi gefe wajen saki, sannan ya fara hawa ya kwanta a iska. Yaran da suka saba ƙera motar kara ba su tsaya jiran balsa ba. Cikin mako biyu sun zo da nasu na ɓargon tukurwa da na farantin soso irin na tekawe, wasu sun fi na kwalin daɗewa a sama.

Na kwalin dai ba ya hannunmu yanzu. Wata Asabar da hantsi, rana ta fara gasa fili, muka harba shi ya kwanta yana zagayensa, sai muka ga ya ƙi saukowa. Ƙasa in ta yi zafi tana ɗumama iskar da ke kanta, iskar ta tashi sama kamar hayaƙin da ba a gani, kuma ita ce shirwa da ungulu ke hawa suna zagaye ba tare da kaɗa fiffike ba. Jirgin da ke sauka a hankali, in ya faɗa cikin iskar da ke hawa da saurin da ya fi na saukarsa, sama zai yi. Akwai shirwa biyu a samansa a lokacin. Yara suka bi shi da gudu har bakin gonaki, ya ƙanƙance ya shige hazo ta wajen fadama. Na biyun da muke ƙerawa yanzu, ɗan Argungun nan ya riga ya rubuta sunan ajinsu a ƙarƙashin fiffiken tun gam bai bushe ba.